Safara'u Mai Yaji da Hanyar Keke

Duk wanda ya zauna a Layin Mangwaro da ke Gwarinpa ya ce bai san Safara'u ba, to hancinsa ne ya mutu, a kai shi asibiti. Ba sai ka gan ta ba. In ta ɗaga taɓarya da hantsi, sai atishawa ta tashi daga gidan farko, ta bi layi gida-gida kamar yawon sallah, har ta isa wurin mai gadin bankin da ke bakin babban titi, shi ma ya yi tasa ya ce alhamdu lillahi. Yajinta ne masu tsiren unguwar ke rantsuwa da shi. Matan manya kuwa, waɗanda ke yatsina fuska in sun ga turmi, a ɓoye suke aiko direba ya saya, su juye a kwalba mai kyau, su ce wa baƙi wai daga Kano aka aiko musu. Layin kansa sunan mangwaro kawai ya rage masa. An sare bishiyar ƙarshe tun lokacin da aka ja wayar lantarki, sai rana tsagwaronta daga safe har la'asar. Kowa na kuka da wannan rana ban da mutum ɗaya.

A Paikon Kore aka haife ta, can ƙasar Gwagwalada. Ubanta Bakatsine ne da ya zo cin rani, ya ɗanɗana doya ya manta hanyar gida. A ƙauyen nan gefen kwalta shi ne tsakar gidan kowa. Da kaka ta yi, sai ka ga bakin titi ya yi ado, rogo fari fat, barkono ja wur, kuɓewa a yanke, kowace mace da nata yankin, babu mai shiga na wata. Uwar Safara'u ta koya mata cewa yaji a rana ake yin sa, turmi shaida ne kawai. Barkonon da bai sha rana a kan kwalta mai zafi ba, ko sarki ya daka shi, gari ne mai launi. Aikin Safara'u tun tana ƙarama guda biyu ne, korar awaki da zagin direbobi. Na biyun ta fi ƙwarewa a kai.

Allah da ikonsa, sai ta auri direba. Manniru ne sunansa, yana jan motar wata ma'aikata. Ya kauce wa rami ya hau kan shanyarta, ya fito ba da haƙuri, ta wanke shi tas tun daga hularsa har takalmi. Mutumin ya tsaya baki buɗe, bai taɓa jin zagi mai tsari haka ba. Da mako ya zagayo ya dawo, ya ce ya zo jin sauran. Haka aka yi aure, ya ɗauko ta ya kawo ta Abuja, ya sauke ta a bikiyu, wato ɗakunan bayan gidan ubangidansa Alhaji Badaru, babban darakta. A nan ta haifi Luba, a nan ta aurar da ita, a nan Manniru ya yi ritaya, Alhaji ya ce su ci gaba da zama tunda an zama ɗaya.

Sai dai Abuja gari ne da aka zana a takarda, kuma wanda ya zana shi bai taɓa shanya komai ba. An yi wa mota wuri, an yi wa fure wuri, har janareto an yi masa ɗaki da ƙofa, amma ba a bar wa barkono ko taki ɗaya ba. Da farko a harabar gida take shanya. Ranar da Hajiyar gidan ta tara matan manya walima, iska ta juyo, aka ga gwaggwaro na faɗuwa, kwalliya na narkewa, wata matar famanan sakatare ta yi atishawar da ta tsinke mata sarƙa. Tun daga ranar aka yi wa barkono iyaka da ƙofar gida. Safara'u ta kwashi tabarminta ta fita bakin titi, ta ce dama can gida ta koma.

Ta yi shekaru a haka lafiya lau. Sannan farar hula suka zauna daram, kuɗi ya shigo gari, wanda jiya yake tsaye a tasha yau yana da mota, gobe ya saya wa matarsa. Gidajen layin suka fara rikiɗa. Wannan ya zama makaranta, wancan asibiti, na ƙarshe ya zama wurin biki mai ɗaukar mutanen ƙaramar hukuma guda. Kowa ya zo da mota, kowace mota tana neman wurin tsayawa, kuma babu wurin da ya fi burge taya irin inda Safara'u ta share ta shimfiɗa jan barkono. Ta sa duwatsu, aka kwashe. Ta sa tsohon benci, aka mayar da shi wurin zaman direbobi. Zagin da ya samo mata miji yanzu ba ya ratsa gilashi, suna ciki da sanyi da kiɗa, sai dai su ga bakinta na motsi su ɗaga mata hannu.

Ranar da wata jibgegiyar mota ta kwana uku a kan tattasanta tana ɗigar baƙin mai, Manniru ya gyara zama a kan tabarma ya faɗi abin da ya daɗe yana tauna.

"Maman Luba, garin nan ya ƙi ki. Mu koma Paikon Kore. Ga fili, ga kwalta, ga awaki kin saba da su."

"Kai dai ka ce kana kewar gindin bishiya da 'yan dara."

"Ina kewarsu, ban ɓoye ba. Amma ki ji. In kaka ta zo ba ki da wurin shanya, zan nemo akori-kura mu kwashe kaya. Na gaji da cin tuwo da ƙorafi."

Safara'u ta auna maganar. A ƙauye kowace mace ta iya yaji, wa zai kalle ta? A nan kuwa ita ce Safara'u Mai Yaji, har daga Maitama ana aiko mata. Ta amsa masa da to, irin to ɗin da ke nufin za mu gani.

Ana cikin haka aka kafa kanofi a filin makarantar layin, aka ce hukuma na son jin ra'ayin jama'a. Za a yanki gefe ɗaya na titi a yi wa masu keke hanya. Safara'u ba ta da keke, ba ta da ra'ayi, amma an ce za a raba lemo da cincin, ga shi kuma ba ta da shanya ranar. Ta ja maƙwabciyarta Magdalena, mai sayar da agushi, suka zauna a baya.

Wadda ta zo da maganar wata yarinya ce injiniya, Kauthar, siririya mai tabarau, Hausarta tsaf amma tana tuntuɓe da Turanci. An ce ta yi karatu a wata ƙasa inda har minista a kan keke yake zuwa ofis. Safara'u ta ji tausayin mutanen ƙasar, ta ce wa Magdalena talauci bai yi ba.

Manyan layin ba su zo ba, ai babba ba ya zuwa jin ra'ayi, nasa ake zuwa ji. Direbobinsu suka aiko. Aka ba James, direban mai asibiti, lasifika.

"Oga na ya ce shi ba ta yarda ba," in ji James da Hausarsa ta koyo. "Ya ce in an ba keke hanya, ina baƙi za ta yi fakin?"

Na kusa da shi ya miƙe. "Ni oga cewa ya yi in zo in saurara kada in ce komai. Amma bai yarda ba."

Alhaji Badaru ne kaɗai babban da ya zo da kansa, saboda ritaya ta sa yana neman inda zai yi jawabi. Ya gyara babbar riga.

"'Yata, ni na hau keke a Zariya ina ɗalibi, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni, kare ya bi ni. Na roƙi Allah ya raba ni da keke, ya amsa. Yanzu kuma hukuma za ta ɗaukaka ƙara?"

Aka yi dariya har da tafi. Kauthar ta ce a kunna majigi ko hoto zai yi abin da baki ya kasa.

Hoton ya fito a jikin farin ƙyalle. Safara'u tana tsakiyar tauna cincin ta tsaya. Ga wata shimfiɗa doguwa, sumul kamar faranti, an shafe ta da koren fenti. Ta gefen motoci an jera tubalan siminti masu tsayi, ko taya mai taurin kai ba ta haurawa. Kuma a wane gefe? Gefen gidan Alhaji, inda rana ke kwana. Ta dafe ƙirji. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ta ɗaga hannu, ba ta jira an kira ta ba.

"'Yar nan, tambaya gare ni. Mota ba za ta hau wurin nan ba?"

"Ko kusa, Mama. Amfanin tubalan ke nan."

"Ko ta masu biki?"

"Ko ta gwamna."

"Rana fa? Tana samun wurin sosai?"

Kauthar ta ɗan sunkuyar da kai. "Gaskiya akwai rana, Mama. Amma muna da shirin dasa itatuwa don inuwa."

"Kul! Kada ku soma. Itace ai sai ganye da kashin tsuntsu. Ku bar wurin yadda Allah ya yi shi. Shara fa?"

"Za a dinga sharewa."

"Hukuma ce za ta share?"

"Ita ce."

Safara'u ta juya ta fuskanci jama'a, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta ce tun da ta zo Abuja ba ta taɓa ganin gwamnati ta yi tunani irin na yau ba. Ta ce masu mota sun cinye titi, sun cinye gefen titi, saura su shigo ɗaki su yi fakin a kan gado. Ta ce talaka ma yana da abin da yake so ya shimfiɗa, wato ya bi, a kan kwalta. Ta kalli James ta ce ya gaya wa ogansa in baƙinsa sun rasa wurin tsayawa su zo a ƙafa, asibiti ne, tafiya ma magani ce.

Idon Kauthar ya kawo ruwa. Wata da watanni tana yawo unguwa-unguwa ana yi mata kallon mai taɓin hankali, yau ga dattijuwa ta tsaya mata. Ta riƙo hannun Safara'u.

"Mama, ashe kina hawa keke?"

A nan ne ya kamata a ce a'a. Amma yarinya ta riƙe hannunka a gaban jama'a, idonta da hawaye, ga shanya shimfiɗe a jikin ƙyalle tana kiranka.

"Keke?" in ji Safara'u. "Ai a kansa aka yaye ni."

Kauthar ta ce za a sake zama mako mai zuwa, kuma abin da mafi yawan mazauna layin suka zaɓa shi za a yi. Safara'u ba ta kwana da wannan magana ita kaɗai ba. Masu zanen Abuja sun manta cewa bayan kowane babban gida akwai bikiyu, kuma a kowane bikiyu akwai mace mai abin shanya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Magdalena da agushinta, Bayarabiya mai garin doya, Banufiya mai kuɓewa, matar mai gadi mai kuka da zogale. Ta ce musu su zo, su ɗaga hannu, kuma duk wadda ta ambaci shanya a gaban 'yar mutane, ita da yajin bashi har abada.

Ranar zama na biyu kanofi bai ɗauke su ba. Direbobi suka zo da saƙon iyayen gidansu, suka tarar da matansu a gaba sun harɗe. James ya buɗe baki zai ce oga bai yarda ba, ya haɗa ido da Magdalena, wadda ita ce matarsa, ya ce shi dai ya zo shan lemo ne. Aka ɗaga hannu, hanyar keke ta ci da rinjaye. Kauthar ta koma ofis tana ba da labarin layin da mata suka fi kowa son keke a duk faɗin birnin.

In ban da 'yan makaranta, mutum ɗaya ne a layin yake hawa keke da gaske, Malam Yamusa, dattijo mai kula da furanni a wani gida a Maitama. Shi ba wanda ya tambaye shi komai. Duk zaman biyun yana wurin aiki.

Aka yi aiki, aka jera tubala, aka shafa fenti. Safara'u kullum tana tsaye tana duba leburori kamar gidanta ake ginawa, har tana nuna musu inda bai yi sumul ba. Sai ga Kauthar da albishir. Za a yi bikin buɗewa, manya za su zo, 'yan jarida za su zo, kuma an yanke shawara wadda za ta fara hawa keke a kan hanyar ita ce Mama.

Da yarinyar ta tafi, Manniru ya yi dariya har ya kwanta.

"A kansa aka yaye ki! To ga nono nan ya dawo."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Ni zan je in zauna a gaba. Ko da yake bari in fara nemo akori-kurar, in sun gano ƙarya ce tubalan nan kwashe su za a yi."

Wannan ita ma ta sani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta ɗauki ƙullin yaji mai kyau ta je wurin Malam Yamusa aron keke. Ya ba ta, ya ce ta lallaɓa shi, tsoho ne, ya girmi wasu ministoci. Kullum in ya dawo aiki da yamma sai a shigo da keken ta ƙofar baya, a rufe, a fara abin kunya. Safara'u ta sa wandon Manniru a ƙarƙashin zane. Manniru, mutumin da ya tuƙa manyan ƙasa, ya koma riƙe sirdi yana bin mace da gudu a tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.

"Ki kalli gaba! Ba a kallon ƙafa!"

"Ƙafar tawa ce, in kalli abata!"

"Taka feda! Maman Luba, bango! Bango!"

Bangon ya ji jiki, tankin ya ji jiki, kajin Hajiya suka daina ƙwai. Amma jikin da ya saba da taɓarya ba ya rasa ƙarfi. Kafin ranar biki ta iya tafiya miƙe. Tsayawa ce ba a koya ba, domin a bayan gida ba a bukatar koyo, bango ne ke tsayar da ita.

Ranar biki ta ci ado da atamfa sabuwa, aka ɗora mata wata hular kwano a kan ɗankwali. An ja kyakkyawan ƙyalle a tsakiyar hanya, babban baƙo na tsaye da almakashi, an shirya cewa za ta taho a hankali ta tsaya a gabansa, ya yanka, a yi hoto. Ta yi bisimilla ta hau. Manniru ya tura ta ya saki.

Abin mamaki, tafiya ta yi kyau. Tubala a dama, dakali a hagu, ko ta so karkacewa babu hanya. Iska ta daki fuskarta, mata suka rangaɗa guɗa, ta ji wani daɗi da ba ta taɓa sani ba, har ta ƙara taka feda. Layin Mangwaro kuwa yana da ɗan gangare, wanda mai tafiya a ƙafa ba ya lura da shi. Da ta hango almakashi ta matse abin da aka ce mata shi ne birki. Ya matsu lakwas kamar lagwani.

Daga cikin taro Malam Yamusa ya ɗaga murya. "Ba shi da birki, Hajiya! Da silifa ake tsayar da shi! Sa ƙafa a taya!"

"Yanzu kake faɗa, tsohon banza? Ku kauce!"

Babban baƙo ya nuna cewa shi ma ya taɓa yin ƙuruciya, ya yi tsalle guda ya bar hularsa a wurin. Safara'u ta buɗe hanya da ƙirjinta, ƙyallen ya naɗe ta kamar wadda ta ci gasar gudu, ta wuce kanofi, ta wuce masu kiɗa, Manniru na biye yana salati. A ƙarshen layi leburori sun bar tulin yashi. Nan tafiya ta ƙare. Ta tashi zaune, ta tofar da yashi, ta gyara hular kwano, ta ɗaga wa jama'a hannu. Aka ɓarke da tafi. Babban baƙo, da ya rasa abin yankawa, ya ce wannan shi ake kira kishin ƙasa.

Bayan kwana biyu Kauthar ta zo da rana tsaka don ta ga yadda jama'a ke morar hanyarsu. Ta tarar suna mora. Daga ƙofar Alhaji Badaru har wajen makaranta koren fenti ya ɓace. Ja, fari, kore, rawaya, kowace mace da yankinta, suna zaune a kan tubalan da lema da 'yar sanda. Safara'u na tsakiya tana juya barkono da tsintsiya, fuskarta kamar ta amarya.

Kauthar ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Mama. Mene ne wannan?"

"Attaruhu ne, 'yata. Wancan tattasai."

"Na tsaya a gaban shugabannina na ce matan layin nan keke suke so. Na nuna hotonki. Ashe wurin shanya kuka sa na gina muku?"

"Kin gina, Allah ya yi miki albarka, ko a ƙauyenmu ban ga irinsa ba."

"Ba wasa nake ba, Mama. Doka ta ce keke kawai. Gobe zan turo a kwashe, in kuma aka ce hanyar ba ta da amfani, tubalan ma cire su za a yi."

Manniru yana zaune a bakin ƙofa yana jin komai. Ya tashi ya shiga ciki. Jim kaɗan aka ji ƙarar ana jan akwati. Safara'u ta san wannan ƙara. Ta jingina tsintsiya, wasa ya bar fuskarta.

"Na yi miki ƙarya, wannan gaskiya ne, kuma na biya da gwiwata, ga tabo nan. Amma zo mu taka zuwa can ƙasa, ki ga wani abu, sannan ki turo masu kwasa."

Suka taka. Daga inda shanyar mata ta ƙare, hanyar keke ma ta ƙare. Gaban wurin biki an ture tubala an jera motoci a kan koren fentin. Gaban asibiti wani mai faci ya kafa injinsa. Gaba kaɗan an sauke yashi da bulo na wani gini. Kwana biyu kacal. Kauthar ta tsaya tana kallo. Suna dawowa sai ga wata doguwar mota ta saka hanci tana neman ture tubali kusa da agushin Magdalena. Kafin direban ya gama juya sitiyari mata sun miƙe da sanduna da murya. Motar ta ja da baya kamar akuyar da ta shiga gonar mai gari.

Safara'u ta ce, "Kin gani. Hukuma na da ma'aikacin da zai zauna a rana tun hantsi yana gadin fenti? Mu muna da dalili. Masu keken naki kuma, in ban da Malam Yamusa da 'yan makaranta, wa kika gani? Su da sassafe suke wucewa, su dawo da yamma. Wanda ya hau keke a garin nan da azahar ba hanya yake bukata ba, addu'a yake bukata. Mu kuma ranar muke so. In la'asar ta yi mu kwashe, mu share, su wuce. Ki ba mu har can ƙasan ma, ki ga in mota za ta sake hawa."

Kauthar ta buɗe baki za ta kawo doka, iska ta juyo daga kan attaruhu. Ta yi atishawa, ta sake, ta sake, har sai da Magdalena ta riƙe ta. Da ta samu numfashi, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce ita yau ba ta ga komai ba, kowa shaida ne idonta ba ya buɗuwa. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Amma da sharaɗi. Ko da rana tsaka ne, ku bar gefe ɗaya wanda keke zai wuce. Sannan ke, Mama, tunda a kansa aka yaye ki, kullum da safe sai kin hau kin kai ƙarshen layi kin dawo. In an tambaye ni ko matan layin nan na hawa keke, ba na son in yi ƙarya."

"'Yar nan, ashe ke ma muguwa ce."

"A wurinki na koya."

Kaka ta zo ta wuce, akori-kura ba ta zo ba. Manniru ya mayar da akwati ƙarƙashin gado, ya ce dama ƙura yake kakkaɓewa. Yanzu in ka bi Layin Mangwaro da sassafe za ka ga Malam Yamusa ya wuce, 'yan makaranta sun wuce, har da wasu masu gadi da suka sayi keke da suka ga hanya ta tsira. A bayansu sai wata dattijuwa mai faɗi, hular kwano a kan ɗankwali, buhun barkono ɗaure a kariya, tana kaɗa ƙararrawa tana zagin duk motar da ta matso kusa da tubali. Keken nata ne na kanta, Luba ce ta saya mata. Manniru da hannunsa ya ɗaura masa birki, gaba da baya, kuma kullum sai ya matsa ya ji kafin ta fita. Alhaji Badaru yakan leƙo ta saman bene ya girgiza kai, ya ce shi dai addu'arsa ta Zariya tana nan, bai janye ba.